Kulɓa na ɓarna: wasan 'yan makarantar Ingila da abin da ya tuna mana a Maga

Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na daren Laraba. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda daren ya riske su a kan hanya da kaya, da waɗanda suke can cikin yayre da dabbobi inda rediyo ba ta kamawa sosai. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa na kusa da shi.

Abin da ya jawo maganar shi ne kiran da wani dattijo ya yi mana, dillalin shanu ne da ke cin kasuwar Bogo duk Alhamis. Ya ce ɗansa da ke lise a Marwa ya aiko masa cewa an sa shi cikin wasan kwaikwayon da za su yi a makon matasa, kafin bikin 11 ga Fabrairu, har yana neman kuɗin ɗinka riga. Dattijon ya ce: "To ni karatu na tura shi ko wasa? Bijimi na sayar na biya masa haya da kuɗin makaranta, yanzu kuma a ce yana can yana kwaikwayon mutane?"

Baba, tambayarka a kan hanya take, kuma ba kai kaɗai kake yin ta ba. Amsar da zan ba ka ita ce: yaro idan ya bar gida ya tafi makaranta, yana da wata rayuwa da ba ka gani, malaminsa ma ba ya gani. Rayuwa ce tsakaninsa da sa'o'insa, a bayan aji, a kan hanyar komawa masauki, a bakin ruwa. Ba zai zaunar da kai ya faɗa maka abin da ke faruwa a can ba. Amma idan aka ɗora shi a dandamali aka ce wasa ne, sai ka ji ya faɗi abin da ba zai iya faɗa a gabanka ba. Zan kawo misali da wasa biyu, ɗaya namu na Hausa, ɗaya na Ingila.

Namu na gida

Wasan kwaikwayo a makaranta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin boko muna da tashe a watan azumi, inda yara ke kwaikwayon manya har su taɓa su da zolaya, manyan kuma su yi dariya su ba da sadaka. Da makarantun boko suka zo, sai aka fara rubuta wasan a takarda. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, a ƙarshen shekarun 1930, yake tsara wasanni yana sukar zalunci da cuta. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, wanda ya fito a 1949.

Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda masu kallon talabijin na da suka sani da Kasagi. An buga shi a Zariya a 1979, daga baya Brendan Shehu ya mayar da shi fim a 1992. Labari ne na yarinya 'yar makaranta da wani mai kuɗi ya ruɗa da abin duniya. Sunan wasan daga karin maganar nan aka ɗauko shi, da ake cewa kulɓa na ɓarna ana cewa jaba ce. Wato mai laifin yana nan sumul, ba wanda ya zarge shi, an bar wanda dama ake ƙyama da ɗaukar nauyi.

Ku riƙe wannan karin magana, don wasan Ingilan da zan ba ku labarinsa kamar a kansa aka rubuta shi, alhali marubucin bai san Hausa ba.

Wasan da ake kira DNA

Sunan wasan DNA, wanda masu Faransanci ke cewa ADN. Wanda ya rubuta shi Denis Keli, mutumin arewacin Landan, an haife shi a 1970. Shi kansa ya bar makaranta yana da shekara 16, ya yi aiki a kanti, sai da ya kai kusan shekara 30 sannan ya shiga jami'a. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasar Ingila da ke Landan yana da wani tsari tun 1995: duk shekara sai ya nemi marubuta su rubuta sababbin wasanni musamman don matasa, a rarraba wa makarantu da ƙungiyoyin samari su yi da kansu. A cikin wannan tsarin aka fara yin DNA a 2007, sannan ƙwararrun 'yan wasa suka yi shi a gidan a 2008. Yau yana cikin littattafan da yaran Ingila ke karantawa don jarrabawar da suke yi suna da shekara 16. Ni na karanta shi ne lokacin da nake kwas ɗin aikin jarida, da ƙamus a gefena, na kwana biyu ina juya shi a rai.

'Yan wasan 11 ne, dukkansu 'yan makarantar sakandare. Babu babba ko ɗaya da ke fitowa. Ana maganar iyaye, ana maganar shugaban makaranta da 'yan sanda, amma ba a ganin su. Wuri uku kawai ake nunawa: kan titi, wani fili, da cikin kurmi. Ko ajin makarantar ba a nunawa. Marubucin ya kai mu daidai inda idon manya ba ya zuwa.

Ga yadda labarin yake. Akwai wani gungun yara da ake shakka a makarantar. Akwai kuma wani yaro Adam, wanda ba shi da abokai, yana ta bin su yana son su karɓe shi. Sai suka mayar da shi abin wasa. Su ce ya ci ganye, ya ci. Su ce ya sato giya a kanti, ya sato. Su kashe taba a jikinsa, yana dariya don kada a ce shi rago ne. Rannan suka kai shi bakin wani rami mai zurfi da aka rufe da ragar ƙarfe, suka ce ya taka a kai. Yana tsakiya suka fara jifansa da duwatsu, wai duk cikin raha. Dutse ɗaya ya same shi a kai, ya faɗa ramin. Ba su leƙa ba, ba su kira kowa ba. Suka yanke cewa ya mutu.

Shugabansu, Jon Tet, tsoro ya kama shi, abin da ya iya kawai shi ne ya hana kowa ambatar mutuwa. Sai suka juya wajen wani yaro Fil. Shi Fil ba ya magana, kullum yana zaune yana cin wani abu, wata yarinya Liya tana ta zuba masa surutu ba ya tankawa. Amma da ya buɗe baki sai ya tsara musu komai dalla-dalla, kamar wanda ya shekara yana shiri. A je gidan su Adam a ɗauko rigar sanyinsa da takalmansa. A yi sawu a cikin kurmi. A sa wani yaro mai raunin zuciya, Birayan, ya je wa shugaban makaranta da kuka ya ce wani mutum ya tare shi a kurmi ya nuna masa tsiraici. Fil ya ƙirƙiro musu kamannin mutumin: mai ƙiba, mai ruɓaɓɓun haƙora, mai raba wasiƙu na gidan waya. Rigar kuma a yi dabara wani baƙo ya taɓa ta, don 'yan sanda su sami alamar jikin wani a kanta. Nufinsa a bi sawun mutumin da babu shi, a gaji a bari.

Mene ne DNA ɗin?

A nan sai mun tsaya, don kiran da aka fi yi mana a daren ke nan: mene ne wannan alamar jiki?

Ku makiyaya kun fi kowa sanin gado a jini. Kana ganin maraƙi ka ce wannan ƙahon na uwarsa ne, wannan tozon na bijimin wane ne. Abin da ke ɗauke da wannan gadon shi ake kira DNA. Wani siririn zare ne da ido ba ya gani, yana cikin ƙwayoyin halittar jiki, rabi daga uwa rabi daga uba. Na kowa daban yake, in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya. Ana samun sa a jini, da yawu, da saiwar gashi, da ɗan abin da fata ke bari a kan abin da mutum ya riƙe. Idan aka kai ɗakin bincike ana iya cewa wannan na wane ne, kamar yadda kake gane saniyarka a cikin garken wani ta tsagar kunnenta.

Wani masani a jami'ar Lesta ta Ingila, Alek Jefiris, shi ya gano hanyar bambance mutane da shi a 1984. Abin sha'awa, karo na farko da 'yan sandan Ingila suka yi aiki da shi a shari'ar kisa, a 1986, wanke wani ya fara yi. Wani saurayi ne ɗan shekara 17 da ke hannu, har ya amsa laifi, gwajin ya nuna ba shi ba ne. Ainihin mai laifin aka kama daga baya, aka yanke masa hukunci a 1988. Tun daga nan mutanen can suka ɗauki DNA a matsayin shaidar da ba ta ƙarya.

To amma ku lura da iyakarsa. Abin da yake faɗa shi ne jikin wane ya taɓa wannan abu. Ba ya faɗin yaushe, ba ya faɗin dalili. Daidai yake da sawun kofato a gona: sawun ya nuna shanu sun shiga, bai nuna wanda ya buɗe musu shinge ba. Yaran cikin wasan sun san wannan, da shi suka yi amfani.

Yadda ƙaryar ta sami mai ɗauka

Aka ba wata yarinya Kati aikin rigar. Ita kuma, wai don aiki ya yi kyau, sai ta tafi ofishin da ake tantance wasiƙu, ta nemo wani mutum na gaske mai ƙiba mai ruɓaɓɓun haƙora, ta yi dabara alamar jikinsa ta hau rigar. 'Yan sanda suka kama shi. Mutumin da aka ƙirƙira a baki ya zama mutum mai rai a tsare, bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka ce Birayan ya je ya nuna shi. Ya ƙi, yana kuka, ya ce ba zai iya kallon idon mutumin ba. Fil ya ce idan bai je ba, shi ma ramin nan za a jefa shi. Ya je.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasan shi ne abin da ya biyo baya. Sai komai ya lafa. Makaranta ta haɗa kai wajen juyayi, ana addu'o'i, 'yan jarida na zuwa, har ana maganar sa wa ɗakin gwajin kimiyya sunan Adam. Yaran da a da ba sa ga maciji suka zama abokai. Duk babban da ya kalle su daga nesa zai ce yaran nan sun natsu, sun yi hankali. Liya ce kaɗai take ta tambaya, tana kawo labarin birai iri biyu masu kama da juna: wani iri, wanda akwai shi a dazukan kudancin Kamaru, yakan taru a kan bare ko mai rauni, ɗaya irin kuma, bonobo na dajin Kwango, an san shi da lallashi. Tana son ta san mu da wanne muka fi kama.

Sai ga Adam da rai. Ashe bai mutu ba. Ya rarrafo ya fito ta wata hanya da rauni a kai, tunaninsa ya gushe, ya yi makonni cikin wata sarƙaƙiya yana cin ciyawa da ƙwari. Kati da Birayan suka gano shi. A nan ne mai kallo zai ce alhamdu lillahi, a kai shi asibiti, a saki bawan Allah da ke tsare. Liya ma haka ta roƙa. Amma Fil ya auna: idan Adam ya koma gida, dukkansu sun shiga uku, ga jifa ga ƙarya ga ƙazafi. Duniya ta riga ta yarda ya mutu. Sai ya sallami sauran, ya nuna wa Kati abin da za ta yi da jakar leda. Ba a nuna kisan a dandamali, amma kowa ya gane.

Ƙarshen wasan babu kotu, babu tonon asiri. Mu kan ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma marubucin bai ba mu wannan sanyin ba. Mai raba wasiƙu ba a sake shi ba. Abin da aka nuna shi ne yadda yaran suka lalace ɗaya bayan ɗaya. Birayan ya zauce, yana kan magani. Jon Tet ya janye daga mutane ya shiga wa'azi a titi. Wasu biyu suka koma sata a kantuna. Kati ta zama shugaba, ana tsoronta fiye da duk na baya. Liya ta bar makarantar ba sallama. Fil mai yawan ci yana zaune a fili shi kaɗai, ya daina ci.

Abin da ya faru da ni

Na faɗa a rediyo, zan sake faɗa a nan, don kada a ce wannan halin yaran Turawa ne. Ina aji huɗu na sakandare, a wani gari da ba zan ambata ba, makarantarmu tana da lambu a bayan azuzuwa, an kewaye shi da ƙaya. Mu bakwai muke tafiya tare. Wata Asabar da yamma muka tsallaka muka cinye kankanar da aka shuka, muka tattake sauran shukar garin gudu da muka ji motsi. Da muka tsaya muka ga ɓarnar, muka san ranar Litinin kora ce. Ɗaya daga cikinmu, wanda ba ya yawan magana, ya dubi wasu maruƙa da ke kiwo kusa da burtali, yaron da ke tsaronsu ya gangara rafi. Ya ce a janye ƙaya. Muka janye, muka koro maruƙa huɗu ciki, muka bar su suka zagaya, muka tafi.

Ranar Litinin sawu ya yi magana. Aka bi shi har ruga. Aka kai maganar gaban manya, aka ci mai garken tarar jaka 25, sai da ya sayar da rago. Yaron da ke kiwon, wanda bai wuce shekara 12 ba, ya rantse bai ga lokacin da suka shiga ba, ba wanda ya saurare shi. Daga baya na ji irin dukan da ya sha a gida. Mu kuma aka tara mu a filin makaranta ana jajanta mana wahalar ban ruwan da muka yi. Ina tsaye a layi, ban ce uffan ba.

Ba a mutu ba a namu labarin, Allah Ya kiyaye. Amma tsarin ɗaya ne. Ba mu tsani makiyayin nan ba, ko sunansa ba mu sani ba. Mun zaɓe shi ne saboda mun san da an ga kofato ba wanda zai ƙara tambaya. Kuma abin da ya rufe mini baki ba tsoron malamai ba ne kawai. Tsoron mutum shidan nan ne da nake kwana nake tashi da su. Idan na faɗa, da wa zan ci abinci? Wa zai raka ni hanya?

Me ya sa ya shafe mu a nan?

Yawancin masu sauraronmu yaransu ba a gabansu suke karatu ba. Makiyayi yana tafe da ruwa da ciyawa, idan ruwan Logon ya janye ya shiga yayre, idan damina ta kama ya fito. Ɗan kasuwa yau yana Pus ranar Talata, gobe ya tsallaka Katawa, jibi yana hanyar Yagwa da Bongor, wani har Garwa ko Mubi. Yaron an bar shi wajen kawu, ko an kama musu ɗaki su huɗu a Marwa. Wata uku ba ku haɗu ba. Wanda yake gani kullum, wanda yake jin maganarsa, shi ne sa'ansa. Zama da maɗaukin kanwa kuwa kun san abin da yake kawowa.

Yaranku suna iya kasancewa a kowane gefe na labarin nan. Ɗan makiyayi da ya shigo gari da Fulatanci ko Larabcin Shuwa a bakinsa, Faransancinsa bai nuna ba, ana yi masa dariyar warin nono, shi ne Adam: zai yi duk abin da aka ce don a karɓe shi. Wani shi ne Birayan, ya san gaskiya, an toshe masa baki. Wani kuma, kada mu yaudari kanmu, shi ne Fil, mai shiru, mai ƙoƙari a aji, wanda duk unguwa ke misali da shi.

Ku kanku kuma sau nawa kuka zama mai raba wasiƙun nan? Baƙon da ya sauka daga kwalekwale da kaya, idan abu ya ɓata a kasuwa shi ake fara kallo. Garken da ya kwana kusa da gonar shinkafa, ko bai shiga ba shi ne abin zargi. A wani wurin kuma akasin haka ne, saniya ta ɓata a ce masunta ne ko manoma. Kowa yana da jabarsa da yake ɗora wa laifi. Mu a wannan yanki mun san tsadar wannan. Ba mu manta da Agusta da Disamba na 2021 ba, lokacin da rikicin ruwa tsakanin makiyaya da masunta da manoma ya tashi a yankin Logon Birni, ya kai har Kusiri, aka ƙone ƙauyuka, dubun dubatar mutane suka tsallaka Cadi. Wancan rikici yana da dalilansa masu zurfi, ban ce ƙaryar yara ce ta kawo shi ba. Abin da nake cewa shi ne, a ƙasar da ta ga irin wannan, zargi ɗaya da aka ɗora wa bare ba ƙaramin abu ba ne, ko da daga bakin yara ya fito.

Abin da za a iya yi

Masu kira sun ba da shawarwari, na haɗa da nawa.

Wata uwa daga Girbidik ta ce ita idan 'yarta ta dawo hutu ba ta tambayar sakamako da farko. Tana tambaya: a ajinku wa ake tsokana? Wa ke cin abinci shi kaɗai? Ta ce yaro ba zai ce ni ake yi wa ba, kuma ba zai ce ni nake yi ba, amma zai ba ka labarin wani, daga yadda yake bayarwa za ka gane inda yake tsaye. Wannan dabara ce mai kyau, kuma irin aikin da wasan kwaikwayo ke yi ke nan.

Wani lawan da ya kira ya ce a wajen sasanci, idan yara biyar suka zo da magana iri ɗaya sak, kalma bisa kalma, shi a nan yake fara shakka. Mutum biyar da suka ga abu da idonsu sai sun ɗan saɓa. Ya ce a raba su, a tambayi kowa shi kaɗai, a fara da ƙaraminsu, kuma kada a yi a gaban jama'a.

Ni kuma na ƙara da cewa a bar wa yaro ƙofar dawowa. A cikin wasan, duk lokacin da yaran suka sami damar faɗin gaskiya, abin da suke aunawa shi ne girman hukuncin da ke jiransu, sai su ƙara zurfafa ramin. Idan ɗanka ya san cewa ranar da ya zo maka da laifi dorina ce kawai da kora, ba zai zo ba, zai je wajen Fil. Ba cewa na yi kada a hukunta ba. A nuna masa dai cewa wanda ya faɗa da bakinsa, hukuncinsa bai kai na wanda aka kama ba.

Sannan a kula da natsuwar da ta zo farat ɗaya. Yaro mai surutu ya yi tsit, ko mai ci ya daina ci, ko ya ce shi a sauya masa makaranta ba dalili, ko abokan da ba sa rabuwa su daina gaisawa. Kun san saniyar da ta ware daga garke ta tsaya ita kaɗai ba a barin ta sai an duba.

Ga malamai da 'yan lise masu shirya wasan makon matasa: wannan wasa bai buƙaci gini ko fitilu ba. Titi, fili, kurmi, duk muna da su. Ba sai kun kwafi na Ingila ba. Ku zauna ku rubuta naku, da Hausa da Fulatanci da Musgum da Larabci yadda ake cakuɗa su a bakin tafkin Maga, ku sa abin da kuka sani yana faruwa a bayan aji. Idan kun shirya ku sanar da mu, za mu zo da na'ura mu ɗauka mu sa wa iyayenku da ke nesa.

Baba mai shanu na Bogo, ka aika masa kuɗin rigar in da hali. In kasuwa ta bar ka, ka shiga mota ka je Marwa ranar wasan, ka zauna a baya ka kalla. Ka lura da wanda aka ba ɗanka ya kwaikwaya, da yadda yake yi. Bayan an tashi ka saya masa shayi, ka tambaye shi ko a makarantarsu akwai mai irin wannan hali.

Ni kuma bara na koma garin nan na nemi rugar. An ce sun tashi tun shekarun baya, wasu sun ce sun yi wajen Cadi. Idan akwai wanda ya san makiyayin da aka ci tarar jaka 25 a kan lambun makaranta, shekara goma ke nan ko sha ɗaya, maruƙa huɗu, ya bar mini saƙo a tashar. Ina da bashin rago a kaina, kuma ina so in nemi gafarar ɗansa.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan takardun rigakafin dabbobi da ake tambaya a bakin iyaka. Mu kwana lafiya.